Wankin Hanji Kafin Awo: Ko Ɗan Kaɗan Ɗin Ya Isa?

Jama'a, akwai wani awo da likitoci ke kira kolonoskofi, watau a zura wata siririyar mesa mai fitila da kyamara ta dubura, a leƙa babban hanji daga ƙarshensa har farkonsa, tsawon kamar mita ɗaya da rabi. Likitoci biyu, William Wolff da Hiromi Shinya, su ne suka yi fice wajen fara shi a birnin New York a 1969. Amfaninsa babba ne, domin da shi ake gano ƙananan tsiro a bangon hanji, a tsinke su tun ba su rikiɗe sun zama sankara ba. Saboda haka ne Amurka ta sauko da shekarun fara wannan awo daga 50 zuwa 45 a 2021.

To, amma duk wanda ya taɓa yi zai shaida maka cewa wahalar ba ta wajen mesar ba ce, ta daren jajibere ce. Likita ba ya ganin komai sai hanji ya fita tas, kuma ba ya fita tas sai an sha maganin wankin ciki. A 1980 ne masana a Amurka suka fito da ruwan maganin da ake kira PEG, wanda ba ya shiga jini, sai dai ya ratsa hanji ya kore abin da ke ciki. Aibinsa guda ne: lita huɗu ake sha, ga shi da ɗanɗanon gishiri mai tayar da zuciya. Mutane da yawa sukan sha rabi su ture sauran, wasu kuma su amayar. Kashegari likita ya leƙa ya tarar da ƙazanta ta rufe bango, ƙaramin tsiro ya ɓuya, a ce a sake awon. An yi asarar kuɗi, an yi asarar wuni, an kuma sha wuyar banza.

Wannan ne ya sa aka shiga neman rage yawan ruwan. Aka gauraya PEG da bitamin C mai yawa, wanda shi ma yake jawo ruwa zuwa cikin hanji. MoviPrep mai lita biyu ya sami izini a Amurka a 2006, Plenvu mai lita ɗaya kuma a 2018. Tambayar ita ce, shin ɗan kaɗan ɗin yana wankewa kamar mai yawan? Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa ga mafi yawan mutane wankin kusan ɗaya ne, kuma masu shan kaɗan ɗin sun fi shanye shi duka, sun fi yarda su maimaita. Ƙungiyar likitocin leƙen hanji ta Turai ta amince da duka biyun a 2019, takwarorinta na Amurka kuma suka karkata ga lita biyu a 2025.

Sai dai fa kada mai karatu ya ruɗu da sunan. Maganin ne aka rage, ba ruwan ba. Wanda ya sha lita biyu sai ya bi shi da lita guda ta ruwa, haka ma mai lita ɗaya. Wanda ya yi ƙwauron ruwa a ƙasa mai zafi irin tamu, ga zawo yana tsuga, jiri da bushewar jiki ne za su biyo baya. Abu na biyu, lokacin sha ya fi yawan abin shan muhimmanci. Raba maganin biyu, rabi da daddare, rabi da asuba, ya fi shanye shi duka da dare, domin kafin gari ya waye hanji yakan sake tara majina. Ƙa'idar ita ce a fara kashi na biyu sa'o'i 4 zuwa 6 kafin awo, a gama aƙalla sa'o'i 2 kafin a shiga.

Haka kuma ba kowane jiki ne ya dace da shi ba. Akwai wata larura ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Bitamin C mai yawa yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ita, don haka wajibi ne ya sanar da likita. Mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya, da wanda ya saba da taurin bayan gida, su ma sai an zaɓa musu, kuma sau da yawa lita huɗun nan ta dā ce ta fi musu. A tuna cewa a 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi kan wani maganin wanki mai ɗan kaɗan, na gishirin fosfet, saboda yana lalata ƙoda. Ashe ƙanƙanta ba ita ce lafiya ba.

Saura abinci. Ana gobe awo a nisanci wake, da zogale, da gyaɗa, da riɗi, da miyar ganye. Farar shinkafa, da farin burodi, da ƙwai sun wadatar. Da zarar an fara shan magani sai ruwa garau. Kunu da fura ba sa cikin wannan lissafi, zoɓo kuwa jansa yana iya yin kama da jini a idon likita.

Roƙonmu ga asibitoci shi ne a riƙa ba marar lafiya wannan bayani a rubuce, cikin harshen da yake ji. Kai kuma da aka sa wa ranar awo, tambayi likitanka ko mai ƙarancin ruwan ya dace da kai, ka shanye abin da aka ba ka har ƙasan kofi. Alamar ka gama ita ce abin da ke fita ya koma ruwa tsararo, rawaya-rawaya kamar fitsari. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa.