Dutse ne uwar ƙasa, amma haihuwarsa sai a hankali

Ƴan'uwa makiyaya da dillalan shanu, duk wanda ya taɓa kora garke ta gefen duwatsun Damagaram ko na Abzin ya ga yadda falalen dutse ke ɓare ɓawo kamar albasa, tsakuwa ta taru a gindinsa. Rana ce ke gasa shi, sanyin dare ya ɗame shi, yau da gobe sai ya tsage. Ruwan damina ya shiga tsagar yana cin gishirin da ke ciki, saiwar tsiro ta kutsa ta ƙara buɗa ta. Dutse ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma yashi da yumɓu. Amma har yanzu ba ta zama ƙasar ciyawa ba, sai ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba sun gauraya da ita, gara ta juya ta. Masana ilmin ƙasa sun ce kaurin yatsa guda na irin wannan ƙasa yakan ci ɗaruruwan shekaru kafin ya samu. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana ɗan ƙara mata, amma kaɗan ne ƙwarai.

To, mene ne ruwanmu da wannan karatu? Ruwanmu shi ne, kullum aka ga fako sai a nuna saniya. Wai kofato ne ya kashe daji. Mu kuwa mun san abin da idonmu ya gani. Ƙasar makiyaya ta arewa siririya ce, saiwar ciyawa ce kawai ke riƙe da ita. Ranar da aka sare daji, aka sa garma, aka kwashe kara da harawa har tsinke, iskar bazara ta ɗauki rabonta, ruwan farko ya share saura zuwa kwazazzabo. Abin da ya rage shi ne marmara, ko fako mai tauri wanda ruwa ke zamewa a kansa kamar a bayan tasa. Mai gonar ya ci shekara uku ko huɗu, ya matsa gaba. Mu ne ake bari da filin da ko akuya ba ta tsayawa.

Ba don banza ba dokar 1961 ta shata iyakar noma a arewacin Nijar, kuma dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da ita. Amma a je arewacin Dakoro da Tanut a ƙirga gonaki.

Mu ma ba mu wanke kanmu tas ba. Inda aka tara dubban kawuna a bakin rijiya ɗaya wata da watanni, ƙasa tana daddaɓewa. Kuma masu sassabe itace har kututture, a cikinmu ma akwai su. Farin 1973 da na 1984 sun koya mana cewa ciyawar da ba a bari ta zubar da iri ba, ba ta dawowa. Sai dai maganin wannan shi ne tafiya, garke ya ci ya wuce. Wanda ya toshe burtali shi ne ya tilasta mana zama wuri guda.

Ana iya farfaɗo da fako, mun gani. A Keita, cikin Adar, an fara babban aikin gyaran ƙasa a 1984 da taimakon Italiya, aka jera duwatsu don tare ruwa, aka dasa itatuwa. A yankin Illela manoma suna haƙa tassa, su zuba taki a rami, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Takin nan fa daga ina? Daga bayan shanunmu da tumakinmu.

Don haka muke roƙon hukuma da sarakuna abu guda. In an haƙa ramukan rabin wata a filin da tun kakanni makiyaya ce, to kafin a ɗaga diga a rubuta a takarda, gaban kwamitin filaye, cewa makiyaya ce kuma makiyaya za ta ci gaba da zama. A sa wakilanmu cikin masu tsaron wurin. Mun yarda a hana dabba shiga damina biyu ko uku har ciyawa ta kama, amma a faɗa mana ranar buɗewa tun daga farko.