Riruwai da Matsayinta a Harkar Yawon Buɗe Ido

Duk lokacin da aka yi babban baƙo a Kano, sanannen abu ne inda za a kai shi. Za a hau da shi Dutsen Dala, a shiga Gidan Makama, a leƙa marinar Ƙofar Mata, a ratsa Kasuwar Kurmi, in an yi dace da lokacin salla ya kalli hawa. Daga nan sai a ce masa ya ga Kano. Haƙiƙa waɗannan wurare sun cancanci a gan su, amma wanda ya tsaya a kansu birni kaɗai ya gani, bai ga ƙasar da ta ciyar da birnin ba. Kurmi ba ta shahara da kanta ba. Kayan da fatake suka riƙa shigo mata da su ne suka ɗaukaka ta, kuma daga cikinsu akwai dalmar Riruwai.

Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana can ƙuryar kudancin jihar Kano, cikin duwatsun da tsayinsu ya haura mita 1,000 daga doron teku. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan gari suke wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su saya su bazu da ita cikin ƙasar Hausa. Wasu daga cikin masu wannan sana'a ne suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, shi ya sa ake da Riruwan Kano da kuma Riruwan Dalma. Irin waɗannan tsinkayen dalma Turawan kamfani suka gani a kasuwanni, suka bi sawunsu a farkon ƙarni na 20 har suka kai ga kuzar ƙasar Jos. Da kamfanoni suka kankama, narkin gargajiya ya mutu. Daga baya an haƙa ma'adinai ta ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, shi ma aikin ya durƙushe, musamman da farashin kuza ya karye a duniya a 1985. Wannan tarihin fasaha ne na Bahaushe, amma da wuya ɗalibi ya ci karo da shi a aji, balle a kai shi ya gani da idonsa.

Yana da kyau a dubi birnin Shi'an na ƙasar Sin. A 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya a kusa da birnin suka tono gutsattsarin mutum-mutumin yumɓu. Ba a mayar da ƙasa an rufe ba, ba a kuma bari kowa ya ɗebi rabonsa ba. Masana suka shiga bincike, aka gano dubban mayaƙan yumɓu da aka binne kusa da kabarin sarkin da ya fara haɗa kan ƙasar Sin. A 1979 aka buɗe wurin ga masu ziyara, a 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin lura shi ne jerin yadda aka bi: bincike tukuna, sannan adanawa, sannan baƙi.

A kudancin Kano an fara ne ta wutsiya. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 ɗin nan dai, aka kuma samar da masaukin baƙi na Rock Castle a Tiga da na Tafkin Bagauda. Ba a raina wannan hangen nesa, domin ruwan Tiga ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura. Sai dai masauki ba ya kiran baƙo da kansa. Da hankalin hukuma ya koma wani wuri sai wuraren suka yi sanyi, har na Bagauda ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Mai ƙorafi zai ce ai hanyar Riruwai ta Dajin Falgore take bi, kuma dajin ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu, har ta kai sojoji sun mayar da wani sashe nasa filin atisaye a 2017. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu uban da zai yarda a jefa ɗansa cikin haɗari da sunan buɗe ido. To amma dajin da aka keɓe domin namun daji, aka janye masu gadinsa, aka daina kai masa ziyara, dole ya sami wasu masu shi. Rashin zuwan jama'a yana daga cikin abin da ya haifar da matsalar, ba sakamakonta kaɗai ba ne.

Ke nan aikin da ya fi gaggawa ba gina otal ba ne, kuma ba ya jiran Bature mai kyamara. Dattawan da suka yi aiki a ramukan kuza, da waɗanda suka ji labarin narki daga bakin kakanninsu, kullum raguwa suke yi. Tare da su kalmomin sana'ar za su tafi: sunayen kayan aiki, da matakan wanki da narki, da waƙoƙin aiki, da kirarin duwatsu. Ɗalibin Hausa da ke neman batun kundin kammala karatu, maimakon ya maimaita nazarin littafin da mutum ɗari suka riga shi, zai iya ɗaukar na'urar naɗar magana ya yi mako biyu a Riruwai. Abin da ya tattaro shi ne zai zama bayanin da ɗan jagora zai yi wa baƙo nan gaba. Ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Ƙiru da Bebeji kuwa, ɗaki guda a sakatariya ya isa a fara ajiye tsofaffin kayan aiki da hotuna, kafin masu sayen tsohon ƙarfe su riga kowa isa gare su.