RA'AYINMU: Ƙwallon Raga Ba Ya Gyaruwa Sai Da Mai Ɗagawa

Sanin kowa ne cewa a garuruwanmu na kan iyaka, kokawa da ƙwallon ƙafa su ne suka fi jan hankalin jama'a. To amma ƙwallon raga ma yana da nasa masoya, musamman a filayen makarantu, inda samari da ƴan mata kan ɗaura raga bayan sallar la'asar. Sau da yawa kuma idan an tashi shirya gasa, ƙofar ƴan kasuwa ake ƙwanƙwasawa, a nemi kofi, ko riguna, ko kuɗin mota. Tun da dukiyarku ce ke shiga cikin wannan harka, kuna da haƙƙin sanin inda ya kamata ta tafi. A ganinmu, abin da ya fi cancantar kulawa shi ne horon ɗan wasa guda ɗaya da ba a cika yi wa tafi ba, wato mai ɗagawa, wanda a Faransanci ake kira passeur.

Dokar wasan ce ta ba shi wannan matsayi. Kowace ƙungiya tana da ƴan wasa 6 a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, kuma ba ta da izinin taɓa ƙwallo fiye da sau 3 kafin ta mayar da ita ƙetaren raga, ban da taɓawar masu tarewa a bakin raga. Taɓawa ta farko karɓa ce, ta uku duka ce. Ta tsakiya ita ce ta mai ɗagawa, kuma a nan ake yanke shawara: wa za a ba, a wane tsayi, da wane sauri. Ɗan kasuwa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin aikin dillali ne. Kayan ba nasa ba ne, ba kuma shi zai tafi da su gida ba, amma in bai iya haɗa mai saye da mai sayarwa ba, ciniki ya watse.

Tarihi ma ya nuna haka. Lokacin da William Morgan ya ƙirƙiro wasan a garin Holyoke na ƙasar Amurka a shekarar 1895, jefe ƙwallo kawai ake yi daga wannan gefe zuwa wancan. Sai a wajejen 1916 ƴan wasan ƙasar Filifin suka fito da dabarar ɗaga ƙwallo sama domin wani ya zo ya maka ta ƙasa, kuma daga nan wasan ya sauya kama. Tun daga 1999 da aka koma ga tsarin da kowace ƙwallo ke ba da maki, ana cin zagaye da maki 25, kuskuren mai ɗagawa ya ƙara tsada, domin duk ƙwallon da ya ɓata maki ne kai tsaye ga abokan karawa.

Abin takaici shi ne yadda ake zaɓar wannan ɗan wasa a filayenmu. Kowane yaro so yake ya yi tsalle ya daki ƙwallo jama'a su yi sowa. Shi kuwa aikin ɗagawa, sai a jingina shi ga wanda ya fi kowa gajarta, ba tare da an koya masa komai ba. Gajarta ba aibi ba ce. Benjamin Toniutti, mai ɗagawa na ƙasar Faransa, tsawonsa mita 1 da santimita 83 ne, ga shi a tsakanin ƙattai masu mita biyu, amma yana cikin ƙungiyar da ta ci zinare a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021 da na Paris a 2024. Aibin shi ne a ɗora wa yaro nauyi ba tare da horo ba, sannan in an sha kashi a ce laifinsa ne.

Alhali kuwa horon mai ɗagawa shi ne mafi araha a duk wasan. Ƙwallo ɗaya da bango mai laushin fuska sun isa a fara. Da farko yaro ya koyi yadda ake shirya hannu: tafukan biyu a buɗe a saman goshi, manyan yatsu da manuniya su yi siffa mai kusurwa uku, ƙwallo ta sauka a kan yatsu, kada ta taɓa tsakiyar tafi. Ya tsaya kamar taku biyu daga bango, a zana masa alama da alli, ya riƙa tura ƙwallo ga alamar sau 50, ya huta, ya sake. Idan ƙwallo tana juyawa da yawa a iska, alama ce hannu ɗaya ya riga ɗaya. Idan kuma ta daɗe a hannu, alƙali zai hura usur, domin riƙe ƙwallo ko jefa ta laifi ne.

Mataki na biyu shi ne ya riƙa ɗaga wa kansa, ɗaya gajera ɗaya doguwa, yana tafiya a kan layin fili ba tare da ta faɗi ba. Daga nan ya zauna a ƙasa ya yi da abokinsa, domin a zaune ƙafa ba ta taimako, yatsu da wuyan hannu ne ke aiki. Wasu masu horarwa kan yi amfani da ƙwallo mai nauyi fiye da ta wasa, wadda nauyinta gram 260 zuwa 280 ne, don ƙarfafa yatsu. Muna gargaɗi da kada a yi wa ƙananan yara haka, domin gaɓoɓinsu ba su yi ƙwari ba.

Amma inda ake rabuwa tsakanin gwani da ɗan koyo shi ne ƙafa. Ƙwallo ba ta zuwa inda mutum yake so, shi ne zai riga ta isa. Saboda haka sai a tsayar da shi a bayan fili ta dama, mai horarwa ya jefa ƙwallo kusa da raga, shi kuma ya sheƙa da gudu, ya tsaya cak a ƙarƙashinta, ƙafar dama tana ɗan gaba, ƙirjinsa yana fuskantar gefen hagu na raga, inda babban mai duka ke jira. A wannan gefe a ajiye abin auna sa'a, ko da tsohuwar taya ce da aka ɗaure a kan sanda, ko kwando a kan tebur, ɗan nesa da raga kamar rabin mita zuwa mita ɗaya. A ƙidaya nawa suka shiga cikin 20, a rubuta a littafi kamar yadda ake rubuta cinikin yini. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ko yana ƙaruwa.

Bayan haka sai a shigo da mutum uku: ɗaya ya karɓa, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya cafe. Da gangan a riƙa ba shi munanan ƙwallaye, wata ta yi nisa da raga, wata ta matse ta, domin haka wasa na gaske yake. A nan ne kuma zai koyi ɗagawa ta baya, zuwa gefen dama, ba tare da jikinsa ya tona asirin inda zai tura ba. Mai ɗagawar da masu tarewa ke iya karanta niyyarsa daidai yake da ɗan kasuwar da ya bari mai saye ya gane ƙarshen farashinsa tun kafin a fara ciniki.

Duk wannan bai wuce rabin sa'a a kullum ba, kafin sauran ƴan wasa su taru. Abin da yake bukata shi ne dagewa, da babban da zai tsaya a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yatsun da ba su saba da ƙwallo tun suna ƙuruciya ba, da wuya su yi laushi daga baya. Ga misali a maƙwabta: ƴan matan Kamaru sun je Olamfik na Rio a 2016, suka kuma ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2017 da 2019 da 2021. Ba a samun irin wannan da gasar kwana biyu.

Don haka muna kira ga attajirai da shugabannin kasuwanni da su sauya tambayar da suke yi wa masu neman taimako. Kafin ku saya wa gasa kofi, ku tambaya ƙwallaye nawa ƙungiyar take da su na atisaye, kuma wane ne ke horar da masu ɗagawarta. Ƙungiya mai ƙwallo ɗaya tak ba ta iya yin horon da muka zayyana, domin yaro ɗaya ne zai riƙa aiki, sauran suna kallo. Kuɗin riguna masu ɗauke da sunan shago za su iya sayen ƙwallaye da dama, da famfon hura su, da siminti kaɗan na shafe bango, da share fili daga ƙaya da tsakuwa masu cinye fatar ƙwallo. Kofi dai a kan kanta zai ƙare yana shan ƙura.

Su kuma malaman wasanni na makarantu, ya kamata kowace ƙungiya ta horar da masu ɗagawa aƙalla biyu, maza da mata, domin ranar da ɗaya ya yi targaɗe ko ya bi mahaifinsa fatauci kada wasa ya tsaya. A kuma riƙa ambaton sunansu ranar rabon kyauta, kamar yadda ake ambaton masu duka. Ragar maza tsayinta mita 2 da santimita 43 ne, ta mata mita 2 da santimita 24, kuma komai tsallen yaro ba zai amfana da shi ba in ƙwallo ba ta same shi a inda ya dace ba. Allah Ya sa masu hannu da shuni su ji wannan kira.