Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Wannan mako zancenmu a kan masu koyon zane ne, domin wata yarinya daga Unguwar Rimi ta rubuto mini, ta ce za ta bar ajin zane. Dalilinta kuwa, wai ranar da aka kafa aikinsu a bango, 'yan ajinsu sun yi ta tsince kurakuran nata, sa'an nan malami ya ba ta maki kaɗan. Ta ce da lissafi ne ta faɗi da ba ta damu ba, amma zane kamar ita kanta aka kafa a bangon.

To, 'yata, da ke da masu irin damuwarki, ku saurara. A makarantu da yawa yanzu ana ware maki 30 ko 40 cikin 100 domin aikin da ɗaliba ta yi tun farkon zango, sauran kuwa sai ranar jarrabawa. Watau malami ba zane ɗaya ya ke aunawa ba. Yana duban yadda kika tsara abin a takarda, da inda kika sa haske da inuwa, da haɗin launi, da tsabtar aiki, kuma yana gwada na yau da na watan jiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Saboda haka kada ki yaga zanen da ya lalace. Ajiye shi, shi ne shaidar cewa kin ci gaba.

Ku dubi Ladi Kwali. Ta iya ginin tukwane tun tana yarinya, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta. Duk da haka a 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Bature Michael Cardew a Abuja, wadda a ke kira Suleja yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Gwana ce, amma ta zauna aka koya mata ginin tukunya a kan injin juyi kamar sabuwar almajira. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. Da ta ƙi gyara, da labarinta bai kai haka ba.

Amma fa ba kowace magana ce za ki haɗiye ba. A 1958 waɗansu ɗaliban zane a Kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya, don sun ga ana koyar da su bisa tsarin Ingila kaɗai. Ba su bar aji ba. Sun koyi abin da a ke koya musu, suka haɗa da na gida. Shi Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ke ma in aka raina zanenki don kin ɗauko shi daga ƙunshin lalle ko ɗinkin hula ko adon ƙwarya, ki tsaya ki bayyana dalilinki cikin ladabi. Ki je gidan kayan tarihi na Titin Ali Akilu ki ga aikin mutanen dā, za ki san kina da gado.

In an zo duban aiki, ga abin da za ki yi. Kada ki katse mai magana. Rubuta abin da aka ce, ki bari sai gobe, zuciya ta huce, ki sake karantawa. Wadda ta ce "bai yi kyau ba" kurum, tambaye ta, "A ina?" In ta nuna, kin ƙaru. In ta kāsa, kin huta. In kuwa ke ce mai duban na wata, fara da abin da ya yi daidai, sa'an nan ki nuna wuri ɗaya tak da za a gyara. Ki yi magana a kan takarda, ban da mai takarda. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ku kuma iyaye mata, in yarinya ta komo da maki kaɗan, kada ku ce mata dā ma zane wasa ne. Zannuwan da ke cikin akwatinku, wani ne ya zauna ya zana furannin kafin a buga. Ku ce ta nuna muku aikin, ku gaya mata gaskiya yadda ku ke yi ran da ta fara tuƙa tuwo ya yi gudaji. Ai ba ku hana ta murhu, gobe ma ita ku ke miƙa wa muciya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.