Ƙasusuwan Gadufawa namu ne, amma wa ya je ya gan su?

Ka tambayi matashi me ya gani a Muze Boubou Hama na Yamai, sai ya ce maka zaki da kura da dorina. Kaɗan ne ke tsayawa wurin ƙasusuwan dinozor. Alhali nan ne abin mamakin yake: dabbobin da suka rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce a Gadufawa, cikin Tenere, lokacin da hamadar nan koguna ce. Har kada mai tsawon da ya kai mita 10 ya yi iyo a can.

Akwai ma wanda aka raɗa wa sunan ƙasarmu a 1999, Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500. Yaron lakwal nawa a Maraɗi ko Tawa ya taɓa jin sunansa? Amma ƴaƴan Turawa suna kallon ƙasusuwan Gadufawa a birnin Benis na Italiya, wasu ƙasusuwan kuma suna Shikago wajen masu bincike.

Mun iya ɗaga murya kan iraniyom na Arlit, kuma da gaskiyarmu. To, shi ma yana da ɗakinsa a Muzen nan, ku shiga ku ga dutsen da muke ta magana a kai.

A dawo mana da ƙasusuwanmu, e. Sai dai in sun dawo, ina za a ajiye su, wa zai kula da su? Muna son gwamnati ta horar da masanan ƙasusuwa ƴan ƙasa, kuma a riƙa kai wasu Agadas da Damagaram, don kuɗin mota zuwa Yamai ya fi ƙarfin yawancin iyaye.

Ku da ke Yamai, hutun nan ku ja ƙannenku ku je.