Kafin ka sayi gadon lilo mai tsada, koyi ɗaure mai araha

Duk mai yawan kallon bidiyon 'yan kwanan daji a YouTube ko TikTok ya san hoton nan: bishiya biyu, gadon lilo na yadin nailan a rataye tsakaninsu, mutum kwance a ciki yana kallon taurari. Abin da ba a ɗauka a bidiyon shi ne ƙarfe ukun dare, lokacin da baya ya ƙage, kafaɗu suka matse, sanyi kuma yana ratso mutum ta ƙasa. Gari na wayewa mai gadon zai yanke ɗaya daga hukunci biyu: ko dai gadon lilo yaudara ce, ko kuma nasa ne bai da kyau saboda araha. Sai ya koma kasuwar intanet yana neman na ENO ko Hennessy.

A ganina duka hukuncin biyu kuskure ne. A sana'armu ta rubuta manhaja, idan shiri yana tafiyar hawainiya, sayen sabuwar kwamfuta shi ne abu na ƙarshe. Saiti ake fara dubawa. Haka gadon lilo yake. Mafi yawan wahalar da ake sha a cikinsa daga yadda aka ɗaure shi take, da yadda aka kwanta, da abin da aka sa a ƙarƙashinsa. Biyun farko ko sisi ba sa ci.

Tarihin gadon ma shaida ne. Turawa a wurin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan suka fara ganinsa, lokacin tafiyar Kolumbus ta 1492, kuma daga kalmarsu ta "hamaka" sunansa na Turanci ya samo asali. Sojojin ruwan Ingila sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kwana a cikinsa a jiragensu. Har gobe a yankin Yukatan na Meziko da arewa maso gabashin Burazil akwai gidajen da shi ne makwancin kullum, yara da tsofaffi. Waɗannan mutanen ba kayan kamfani suke saye ba. Sun dai iya rataya shi, sun iya kwanciya a ciki.

Kusurwa ita ce tushen komai

Sabon shiga yakan ja igiya ya ɗaure ta tamau, yana zaton idan gadon ya miƙe kamar katifa zai fi daɗi. Akasin haka ke faruwa. Da zarar ya shiga, gefunan yadin za su tashi su naɗe shi, su matse masa kafaɗu. Gadon lilo yana buƙatar ya ɗan saki, ya yi lanƙwasa irin ta ayaba. Ma'aunin da masu kwanan daji suka tsaya a kai shi ne igiyar ta sauko daga bishiya da karkata ta kusan digiri 30.

Wannan lamba ba don daɗin barci kaɗai aka zaɓe ta ba, akwai lissafi a ciki, kuma kalkuletar wayarka za ta iya yi maka shi. Jan da kowace igiya take sha daidai yake da nauyinka a raba shi da ninki biyu na "sin" ɗin kusurwar. Ɗauki mutum mai kilo 70. A digiri 30, kowace igiya tana ɗauke da kilo 70. A digiri 15, ya koma kusan kilo 135. A digiri 10, kusan 200. Idan aka ja igiyar har ta kusa miƙewa, a digiri 5, kowane ɓangare yana shan jan kusan kilo 400. Mutumin bai ƙara ƙiba ba, ɗaurin ne kawai ya canza. Nan ne igiya take tsinkewa, ƙugiya take buɗewa, sai a ɗora wa kamfani laifi.

Shi ya sa nake jan kunnen masu gwadawa a gida: kada a ɗaura gadon lilo a ginshiƙin bulo ko katangar da ba ƙarfe a cikinta. Bulo yana jure nauyin da ya danno shi daga sama, amma ba ya jure ja ta gefe. An sha samun ginshiƙi ya rufto wa wanda ke kwance, har da asarar rai.

Auna kusurwar abu ne mai sauƙi, domin ma'aunin yana aljihunka. Sensar da take juya allon waya idan ka karkata ta, ita ce manhajojin auna karkata suke aiki da ita. A iPhone akwai ma'aunin a cikin manhajar Measure, a Android kuma akwai na kyauta birjik a Play Store. Ka jingina gefen wayar da igiyar ka karanta lambar. Amma ka auna lokacin da wani yake kwance a ciki, saboda nauyi yana sauya karkatar.

Sauran ma'aunan ba su da yawa. Nemi bishiyoyi masu tazarar mita 4 zuwa 5. Ɗaura maɗaurin a wajen tsayin kanka. Idan ka zauna a gadon, ya kasance kamar kujera, wato kusan santimita 45 daga ƙasa, yadda ko faɗuwa aka yi ba za a ji jiki ba. Ɓangaren ƙafa kuma ya ɗara na kai tsawo da kamar taƙi guda, in ba haka ba za ka kwana kana zamewa zuwa tsakiya.

Idan kana son saitin ya zauna kamar yadda ake adana shi a manhaja, ɗaura siririyar igiya mai ƙarfi daga wannan bakin gadon zuwa wancan, tsawonta ya kai kashi 83 cikin 100 na tsawon yadin. Gado mai mita 3 yana son igiya mai kusan mita 2.5. Da ita, lanƙwasar gadon ba za ta canza ba ko da tazarar bishiyoyin ta bambanta. A jikinta kuma ake rataye tocila da 'yar jakar waya.

Kwanta a karkace

Wanda ya kwanta a miƙe, kai na kallon wannan bishiya ƙafa na kallon waccan, dole jikinsa ya bi lanƙwasar gadon, gwiwoyi su sage. Mutanen Burazil da Meziko a karkace suke kwanciya: kai ya ɗan koma hagu, ƙafafu su koma dama, ko akasin haka. A wannan layin yadin yakan baje, bayan mutum ya kusa miƙewa kamar a kan katifa, har ana iya juyawa a kwanta ta gefe.

A nan ne kawai girman gado yake da tasiri. Gajeren gado ba ya ba da filin karkacewa. Babban mutum ya nemi mai tsawon mita 3 zuwa 3.3. Don haka idan kana duba talla, lambar tsawo da ta nauyin da gadon zai iya ɗauka za ka fara karantawa, kafin launi da tambarin kamfani. Ƙaramin matashi ko riga a naɗe ta isa a sa a wuya, wata kuma a ƙarƙashin gwiwa.

Sanyi ta ƙasa yake shigowa

Wannan ne wurin da na yarda a kashe kuɗi. Bargo ko jakar barci suna ɗumama mutum ne saboda iskar da suke riƙewa a cikin audugarsu. Inda nauyin jikinka ya danne, audugar ta lafe, iskar ta fita, ɗumin ya tafi. A cikin tanti katifa ce take raba ka da ƙasa. A gadon lilo kuwa, siririn yadi ne kaɗai tsakanin bayanka da iskar da take wucewa dare farai. Shi ya sa da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da kusan digiri 20, mutane da yawa sukan fara jin sanyi a baya ko da sun lulluɓa da bargo biyu ta sama.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar ƙasashen ƙanƙara ce. Daren hunturu a Kano ko Zariya yana sauka ƙasa da wannan ma'aunin sosai, ballantana Jos ko tsaunin Mambila. A watannin bazara kuwa wannan iskar ta ƙasa ita ce babbar ribar gadon, domin tanti a lokacin tanda ne.

Maganin iri biyu ne. Na farko, bargon da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon ta waje, ya manne da shi ba tare da nauyinka ya danne shi ba. Ana sayar da na musamman, amma tela zai iya haɗa maka da bargo da igiyar roba. Na biyu, siririyar katifar soso a cikin gadon. Ta fi araha, sai dai takan zame idan mutum ya juya.

Sauro, ruwa da bishiya

Sauro yana iya cizo ta cikin siririn nailan inda jiki ya manne da shi. Gidan sauron da ya rufe sama kawai bai wadatar ba. A nemi wanda ya zagaye gadon gaba ɗaya, ko a haɗa na sama da katifa ko bargon ƙasa. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake kashe mutane, wannan ba wurin tsimi ba ne.

Tamfol a sama yana tare ruwa da raɓa, amma ruwa yakan biyo igiya ya gangaro cikin gado. Ɗaura ɗan guntun zare a jikin kowace igiya, a ƙarƙashin inuwar tamfol ɗin, ka bar shi yana reto. Ruwan zai bi shi ya ɗiga ƙasa.

Bishiya kuma a zaɓi mai rai, mai kauri, a ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe ko gidan zuma. A zagaye ta da maɗauri mai faɗin aƙalla santimita 2.5. Siririyar igiya tana yanka ɓawo, kuma ƙarƙashin ɓawon ne hanyar abincin bishiyar take.

Inda masu tanti suka fi gaskiya

Ba zan ce gadon lilo ya fi tanti a ko'ina ba. Inda babu bishiyoyi biyu masu tazarar da ta dace, ba shi da amfani, kuma irin wannan fili yana da yawa a yankinmu. Mutum ɗaya yake ɗauka, babu sirrin canza kaya, ba ya tare ƙura kamar tanti. Mai kwanciya rub da ciki zai sha wahala. Idan aka haɗa gado da tamfol da gidan sauro da bargon ƙasa, nauyin kayan yakan kusa kai na ƙaramin tanti. Kuma babu saitin da zai maye gurbin tsaro: a kwana inda aka ba da izini, inda mutanen wurin suka san da zuwanka.

A yi hattara da masu talla ma. Sukan kafa hujja da binciken da aka yi a Jami'ar Janeba a 2011, wanda ya nuna lilo a hankali yana sa mutum ya yi saurin barci. Binciken gaskiya ne, amma a kan shimfiɗaɗɗen gado mai motsi aka yi shi, da mutane ƙalilan, a gajeren barcin rana na minti 45. Bai ce gadon lilo yana warkar da ciwon baya ba.

Shawarata ga mai son farawa ita ce ya sayi gado mai isasshen tsawo ko da mai araha ne, da maɗauri mai faɗi, sauran kuɗin ya zuba su a gidan sauro da abin tare sanyi. Sannan ya yi abin da kowane mai rubuta manhaja yake yi kafin ya saki aikinsa: gwaji. Ka rataya shi a bishiyoyin kusa da gida, ka auna da wayarka, ka kwana ɗaya cur. Idan wani abu ya dame ka, canza abu guda kawai ka sake gwadawa, don ka san takamaimai me ya gyaru. Idan bayan dare uku ko huɗu har yanzu barcin bai zo ba, to ka sayi tanti da hujjarka a hannu.