Sanƙarau Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Ɗalibai, malamai da iyayenmu na ekilisiya, duk wanda ya yi shekaru a Sabon Garin Gusau ya san cewa da hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari, to, lokacin sanƙarau ya zo, kuma ba ya lafawa sai damina ta sauka. Ƙasarmu tana cikin wani yanki da ya miƙe daga Sanagal har Habasha, inda cutar ta fi ɓarna a duniya. Saboda haka maganar da za mu yi ta gida ce.

A 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Daga 2011 aka fara allurar rigakafin nau'in da ake kira A, aka karya lagonsa, muka ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. A ƙarshen 2016 nau'in C ya ɓulla, kuma a nan Zamfara ya fara. Kafin ya lafa a 2017 an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu yara. Babbar allura ba ta kankama ba sai watan Afrilu, bayan an yi watanni ana binne mutane.

A 2020 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da shirin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030, kuma kowace ranar 5 ga Oktoba ana wayar da kan jama'a a kanta. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar gaba ɗaya, wato A, C, W, Y da X. Wannan abin murna ne. Amma ra'ayinmu shi ne, allurar da ke ajiye cikin firji ba ta taɓa ceton kowa ba. Alkawarin 2030 a ɗakunan kwanan makarantu irin tamu da cikin gidajenmu zai cika ko ya rushe.

Mun san akwai iyayen da ke tsoron allura, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara wajen 200 a Kano, 11 suka mutu, aka shekara da shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai wancan gwajin sabon magani ne a kan marasa lafiya. Allurar rigakafi kuwa an yi wa mutane miliyoyi a ƙasashen Afirka, mu ma an yi mana, ga mu nan. Akwai kuma masu cewa cuta daga Allah take, sai a yi haƙuri. Muna addu'a kullum, amma wanda ya ba mu bakin addu'a shi ya ba mu ƙafar zuwa asibiti.

Ta tari da atishawa da cunkoso cutar take yaɗuwa. Ɗalibai, a bar tagogi a buɗe, kada biyu su haɗa gado, kada a yi ta karɓa-karɓar kofi da cokali. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya da ƙin kallon haske. Jariri kuwa maɗigarsa kan kumbura. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma cikin mutum biyar da suka tashi, ɗaya yakan rage da wata naƙasa kamar kurumta. Idan ɗan ɗakinku ya kwanta da waɗannan alamomi da tsakar dare, ku ta da malami nan take. Ba tona asiri ba ne, ceton rai ne. Iyaye kuma kada a tsaya a kemis ko wurin wanzami, a wuce asibiti.

Muna roƙon hukumar makaranta ta riƙa tambayar katin rigakafi ga kowane sabon ɗalibi, ta kuma gayyato ma'aikatan lafiya kafin hunturu. Gwamnati ta tuna da mutanen ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu waɗanda rashin tsaro ya koro cikin gari, suna kwana a cunkushe. In cutar ta same su, ba za ta tambayi hanyar Sabon Gari ba, kasuwa ɗaya muke ci. Ɗalibai masu tafiya hutu, ku karanta wa na gida wannan shafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu damina baki ɗaya.